Yadda za ka canza waifar motarka da kanka kafin ruwa ya sauka

A Katsina da Daura ba ruwan sama ne ke cinye waifa ba, rana ce da ƙura. Tun daga Oktoba har Mayu robar na kwance a kan gilashi mai zafi, ƙurar hunturu ta bi ta, zafin bazara ya busar da ita har ta sandare ta soma tsattsagewa. Mai mota ba ya ankara sai ranar da hadari ya tare shi da dare tsakanin Mashi da Daura, ya kunna waifa ta yaɓe masa gilashi da laka, ga fitilar babbar mota tana kashe masa ido. Don haka tun a watan Mayu ka ɗaga ta, ka bi bakin robar da yatsa. In ka ji ta yi tauri, ko ta tsage, ko tana bar maka baƙi sosai a hannu, ta gama aiki.

Kafin ka je saye, auna. Tef ɗin tela ya isa, tunda da inci ake lissafin waifa. Ka auna kowace daban, domin a yawancin motoci ta gefen direba ta fi tsawo: takan kama daga inci 21 zuwa 26, ta ɗaya gefen kuma daga 14 zuwa 20. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Wadda ta yi tsawo za ta riƙa karo da 'yar'uwarta ko ta hau bakin gilashi, gajera kuma ta bar maka wuri ba a share ba. Mafi sauƙi shi ne ka kai motar ƙofar shagon mai kayan mota, a gwada sabuwa da tsohuwa a gabanka.

Sai ka dubi inda take maƙalewa. Yawancin Toyota da Honda da tsofaffin Golf suna da hannu, wato ƙarfen da ke riƙe waifar, mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Wasu motocin Turai na baya-bayan nan kuwa da maɓalli ake sakin tasu, ko da ƙusa da ke shiga ta gefe. Irin waɗannan sai wadda aka yi domin su, ko mai zuwa da kawuna na musanye a cikin kwalinta.

Yanzu ga wurin da ake asara. Kashe mota, ka ninka tawul ko kwali mai kauri ka shimfiɗa a kan gilashi daidai inda hannun zai sauka. A gindin hannun waifa akwai sifirin mai ƙarfi, shi ke danne roba a jikin gilashi. Da zarar ka zare tsohuwar, abin da ya rage tsurar ƙarfe ne. Gwiwar hannunka kaɗai ta taɓa shi, ya koma da ƙarfi ya sari gilashi, kuma wannan tsagar ba tsayawa take yi ba, kullum ƙara tafiya take. Garin neman sauƙin ladan makanike sai a tashi da sayen gilashi sukutum. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma in za ka matsa ko da ɗauko sabuwar ne, kwantar da ƙarfen a kan tawul tukuna.

Ɗaga hannun har ya tsaya da kansa. In ka ga yana gogar bakin bonet, kada ka matsa masa. Wasu motocin sai ka kashe su ka taɓa sandar kunna waifa da ke gefen sitiyari nan take, hannayen su hau su tsaya a tsaye, sannan su ɗagu. A mai ƙugiya, juya waifar ta gitta hannun, za ka ga wani ɗan harshe a ƙarƙashin mahaɗar. Danna shi, ka ja waifar ƙasa wajen gindin hannun, ba sama ba, sai ta zame ta fita. In ƙura ta riƙe ta, ɗiga ruwa ka girgiza a hankali. Ita sabuwar, zura ƙugiyar ta cikin tagarta, ka ja sama har ka ji ƙas. In ba ka ji ba, ba ta zauna ba, kuma a kan hanya za ta fice. Wasu sababbin suna zuwa da murfin leda mai kala a kan robar. Mutane da yawa na mantawa da shi, su ce an sayar musu da jabu.

Kada ka gwada ta a busasshen gilashi. Wanke shi tas, ka cika tankin waifa da ruwa mai tsabta, ka fesa sannan ka kunna. Ruwan omo yana barin gari ya toshe ramukan feshi. In sun toshe, bakin allura na buɗe su.

In sabuwa ce amma tana tsalle tana ƙara, galibi hannun ne ya murɗe, robar ba ta tsaya daidai a kan gilashi ba. A kama shi da filaya a murɗo kaɗan-kaɗan ana gwadawa. In tana barin tsakiya ba ta share ba, sifirin ya yi sanyi, sai a canza hannun. Guda tana aiki guda ta tsaya, duba notin gindinta, ya kan kwance. Duka biyun sun ƙi motsi kuma ba ka jin ƙarar injinsu, fara da fiyus kafin ka kira mai gyaran wayoyin mota.

Da rani kuwa, ƙurar safe a kakkaɓe ta da tsumma ko a zuba ruwa. Yashin da ke cikinta yana cin bakin roba, yana kuma zana gilashi, zanen da ba ka gani da rana sai fitilar mota ta haske shi da dare.