Yadda na daidaita fentin sabon murfi da launin babur

Murfin gefen babur ɗina ya fashe, sai na sayi wani na roba wanda ba kamfanin babur ɗin ne ya ƙera ba, kuma ya zo babu fenti. Na ɗauko lambar launi daga takardar da ke manne a ƙarƙashin kujera aka haɗa mini fenti, amma da ya bushe sai jan ya fi na tankin man babur ɗin haske.

Laifin nawa ne, domin farin fenti na shimfiɗa a ƙasa, alhali ja ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa sosai. Na goge murfin da samfefa mai lamba 800, na fesa fenti mai launin toka a matsayin shimfiɗa. Kafin in sake taɓa murfin, na gwada jan a kan gutsattsarin roba, wani shafi biyu, wani uku, kowanne da fentin sheƙi a sama, tunda shi ma yana ƙara wa launi duhu. Na goge tankin don cire dusashewar rana, sannan na kara su da shi a waje, domin hasken kwan lantarki yana ruɗin ido. Mai shafi uku ne ya dace.