Kurakuran da muke yi wajen nema wa yaro mai galahanga makaranta da taimako a Jos

Babu abin da ya fi cutar da yaran nan kamar jira. Yaro ya shekara biyu bai ce "mama" ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya nuna abu da yatsa, sai kakarsa ta ce, "Ku ƙyale shi, nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." Wani lokaci gaskiyarta ce. To amma idan ba haka ba ne fa? Ƙwararren likita na iya gane otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro wadda muke kira galahanga, tun yaro na da shekara 2, kuma a shekarun farko ne horon magana da mu'amala ya fi kama jiki. Na ga iyaye daga Gangare da Unguwar Rogo da ba su kai ɗansu ba sai da ya shekara bakwai, bayan makarantu uku sun sallamo shi. Ku fara da likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato, kuma ku nemi a auna jinsa, domin kurumta ma tana hana magana. Kafin ku je, ku ɗauki bidiyonsa a waya: yadda yake wasa, yadda yake kaɗa hannu ko toshe kunne. Minti goma a gaban likita ba ya nuna halin yaro.

Ita kanta kalmar galahanga tana rikita mu, don mun saba jingina ta ga kowace irin lalurar ƙwaƙwalwa. Ku tambayi likita ainihin sunan abin da ke damun yaron, ya rubuta muku a takarda. Da wannan takardar za ku yi magana da kowace makaranta.

Sai batun aljanu da sammu. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, ni ma ina yi. Abin da ke ƙona min rai shi ne a rufe yaro ana yi masa turare har ya shaƙe, ko a dake shi wai ana korar iska, ko a sayar da fili a biya wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana arba'in. Otizim ba shi da maganin da ke kawar da shi. Horo ne ke ƙara wa yaro iyawa. Ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi: binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi an janye shi a 2010. Idan kuwa yaron na da farfaɗiya, wadda takan haɗu da otizim, ita tana da magani a asibiti.

Wajen zaɓen makaranta kuma allon ƙofa ne ke ruɗarmu. Kada ku biya ko sisi sai kun zauna a ajin na tsawon safiya guda. Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Me take yi idan yaro ya fashe da ihu? In kun ga bulala a kan tebur, ku tashi. Ku nemi a rubuta abin da ake son ya koya a wannan zangon, kamar neman ruwa da kalma ko da hoto, ko zuwa ban ɗaki shi kaɗai. A lissafa nisa ma. Makarantar Bukuru ba ta da amfani ga ɗan Rikkos idan kuɗin keke zai sa ya riƙa zuwa sau biyu a mako. Wani yaron makarantar unguwa ta ishe shi in an samu malama mai haƙuri da mai taimaka masa, kuma Jami'ar Jos na da sashen ilimi na musamman, inda za a iya tambayar ɗalibai ko waɗanda suka kammala.

Baban yaro, kai ma da kai ake. A yawancin gidaje uwa kaɗai ke jigila, ga kuma ɗabi'ar miƙa komai ga mai horo, alhali awa ɗaya yake ganin yaron a mako. Ku ce ya koya muku abu biyu da za ku riƙa maimaitawa lokacin wanka da cin abinci, yayyensa ma su iya.

Da yawanmu kuma roƙo muke yi a inda muke da haƙƙi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma Filato na da tata hukumar kare haƙƙinsu a nan Jos. Idan makaranta ta ƙi karɓar yaro saboda lalurarsa, ku nemi ta rubuta dalilinta, ku haɗa da takardar likita ku kai can.