Yadda ake zaɓen matakin da suwic zai ɗauka idan baƙuwar na'ura ta shiga mashiga

Da farko a shiga saitin mashigar (wurin soka kebul) da ake son karewa a kan suwic na Cisco (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna), a rubuta switchport mode access, sannan switchport port-security. Idan ba a ƙayyade adadi ba, adireshin MAC (lambar shaidar na'ura) ɗaya kawai mashigar za ta karɓa, don haka inda wayar ofis da kwamfuta ke amfani da mashiga guda sai a ƙara shi da switchport port-security maximum.

Daga nan a zaɓi hukunci da switchport port-security violation, ɗaya cikin uku: protect, restrict ko shutdown. Protect yana watsar da saƙonnin baƙuwar na'ura shiru, ba ya ƙidaya laifin, ba ya sanar da kowa, kuma wannan shirun ne ya sa ba kasafai ake ba da shawararsa ba. Restrict ma yana watsar da su, amma yana ƙara lissafin keta doka, yana aika rahoton syslog da na SNMP (hanyoyin sanar da mai kula da suwic), na'urar da aka amince da ita kuwa tana ci gaba da aiki. Shi ya fi dacewa da ofisoshin da ma'aikata ke yawan sauya kwamfuta. Shutdown, wanda shi ne saitin asali, yana rufe mashigar gaba ɗaya, ta koma halin err-disabled, sai a bar shi ga ɗakin sabar.

A duba sakamakon da show port-security interface. Idan mashiga ta rufe, a cire baƙuwar na'urar tukuna, sannan a rubuta shutdown da no shutdown, ko a kunna errdisable recovery cause psecure-violation, wanda ke buɗe ta bayan daƙiƙa 300.