Yadda na gyara mamurɗin bes a ikwalaiza

Ikwalaizar lasifikar wani masallaci ce a Bauchi, wato na'urar daidaita sauti, haɗin Baxandall (wani tsarin haɗi na daidaita sauti) mai guntun ƙara ƙarfin sigina TL072. Bes, wato kaurin sauti, ba ya daidaita a tsakiya, sai an murɗa wajen kashi uku cikin huɗu, daga nan canjin ya taho lokaci guda.

Na cire fotenshiyomitar, wato abu mai ƙafa uku da mamurɗin ke juyawa, na tsayar da ita a tsakiya, na auna ƙafar tsakiya da kowane gefe: kusan 15k da 85k (k na nufin ohm dubu, ma'aunin juriya). A100K ce, wadda juriyarta ba ta tafiya daidai da murɗawa, aka yi ta don ƙara murya. Wannan haɗin B100K yake so, mai tafiya daidai, mai ba da 50k kowane gefe. Na sauya ta, har da ta tirebul, wato siririn sauti, sauti ya daidaita.

Auna da mita kafin ka sa dalma, domin wasu tsofaffin kayan Turai harafin A suke rubuta wa mai tafiya daidai, maimakon B.