Yadda Ake Kula da Masu Ciwo Mai Daɗewa ta Kiran Bidiyo a Lokacin Annoba

Lokacin da annobar korona ta taƙaita zuwa asibiti a 2020, likitocin gashin ƙashi da dama sun koma duba masu ciwon baya da gaɓoɓi ta Zoom ko WhatsApp. Kafin a fara, majinyaci ya jingina wayarsa inda za a ga jikinsa duka, ya tanadi kujera mai ƙwari, wani ɗan gida kuma ya tsaya kusa don gudun faɗuwa. Likita ya tambayi tsananin ciwon daga 0 zuwa 10, ya nuna atisayen da kansa, sannan ya lura da majinyacin yana maimaitawa a hankali. Amma idan ƙafa ta sage ko fitsari ya ƙi riƙuwa, bidiyo ba zai wadatar ba, dole a garzaya asibiti.