Kurakuran da Ƙungiyar Mawaƙan Coci ke Yawan Yi, da Gyaransu

Kafin a zargi muryar kowa, a duba kunne. Yawancin ɓarnar da ake ji a ƙungiyoyin mawaƙa, daga Wusasa har Sabon Gari da Samaru a Zariya, rashin sauraren juna ne ke kawo ta.

Babban kuskure shi ne haɗa muryoyi huɗu tun ranar farko, wato sofrano da alto (muryar mata ta sama da ta ƙasa), da tena da bes (muryar maza ta sama da ta ƙasa). Alto da tena ba su riƙe layinsu ba, sai su zame su bi sofrano, waƙar ta koma murya ɗaya. A ba kowane rukuni minti 15 shi kaɗai da do-re-mi, wato sunayen sautuka, ba tare da kalmomi ba. Daga nan a haɗa biyu-biyu, bes da sofrano, alto da tena, sannan duka. Idan mata 20 ne maza 5, kada a ce maza su ƙara ƙarfi, ihu kawai za a samu. Mata su sassauta, a tsayar da maza a tsakiya.

Sai faɗuwar murya. A fara baiti daidai, a ƙare shi ƙasa da inda aka tashi. Numfashi ne ke ƙarewa, musamman inda sauti ke gangarowa. A sa alama da fensir a wuraren shan numfashi, kowa ya sha a nan, ban da tsakiyar kalma. A rera baiti ɗaya babu kibod, sannan a buga sautin ƙarshe a ji tazarar. In waƙar ta yi wa sofrano tsawo, mai kibod ya sauke ta mataki ɗaya ko biyu, ba abin kunya ba ne.

Waƙoƙin da aka fassara suna da tasu matsalar: karin na Turai ne, ita kuwa Hausa tana da dogon wasali da gajere. A karanta kalmomin da baki tukuna, a lura inda gajeren wasali ya faɗa kan dogon sauti, kada a ja shi har ma'ana ta sauya. Haka ƙ da ɗ da ɓ, a fitar da su sosai.

Ganga da tulu rakiya suke yi. In na bencin baya ba ya jin kalmomi, a rage.

Shirin Kirsimeti kuma yana faɗowa cikin hunturun Zariya, ƙura na busar da maƙogwaro. A sha ruwa mai ɗumi, a yi sautin "mmm" ta hanci baki rufe na minti 10 kafin a fara, kuma kada atisaye ya wuce awa 2.