Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Sayen Laftof ta Karatu

"HP ta fi, ko Dell?" Da wannan tambayar yawancin masu saye ke shiga shago, kuma a nan kuskuren farko yake. Kowane kamfani yana da kaya aji biyu: na araha don amfanin gida, da na ofis da aka ƙera don su jure wahala. Lenovo na da IdeaPad da ThinkPad, Dell ta fitar da Inspiron da Latitude, HP ta fitar da Pavilion da EliteBook. A na araha, mahaɗar murfi ce ke fara ba da matsala, domin robar da ke riƙe da ƙusoshinta kan tsage. Ɗalibin da kullum zai cusa kwamfuta a jaka ya hau adaidaita sahu, gara ya nemi ThinkPad T480, Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5, ko da ta hannu ce.

Sai ruɗin "Core i7 ce", wato sunan firosesa ta Intel, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sunan kaɗai bai isa ba, a duba lambar da ke biye. A i5-8250U, 8 ɗin farko na nufin zubi na takwas, kuma wannan i5 ɗin ta fi i7-7500U ƙarfi. Abin ya wuce sauri ma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa. Wanda ya sayi zubi na shida don ya rage kuɗi ya sayi wadda kwananta ya kusa ƙarewa.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kada ta gaza 8GB. Da 4GB, ka buɗe shafuka goma a Chrome ga Zoom na aji, sai ta fara daskarewa. Ma'ajiya kuma SSD (ta zamani mai sauri) mai 256GB ta fi tsohon hard disk mai 1TB amfani nesa ba kusa ba. Ƙananan laftof ɗin nan masu firosesar Celeron da ma'ajiyar eMMC 32GB, a bar su a kanta. Sabunta Windows kaɗai ya kusa cinye wurin.

Babbar asara a kayan hannu ita ce biyan kuɗi ba a gwada ba. "Batirin na awa biyar" magana ce ta baki. Buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda yake ɗauka yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a rage kuɗin sabo daga farashin, don inda wuta ba ta zama, batir shi ne rabin kwamfutar. Sake kunna ta ka shiga BIOS, shafin saitin kwamfuta kafin Windows ta tashi, ta danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai sani ba, ajiye ta. Danna kowane harafi, gwada kyamara, Wi-Fi da kowace kafar USB, sannan ka sa farin shafi ka duba tabo a allo.

A kula da caja. Ta jabu tana da sauƙin nauyi a hannu, tana zafi, takan kuma sa linzami ya riƙa tsalle idan an jona. A gida kuma, kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo, kafofin iska na ƙasa sai su toshe. Bayan kowane hunturu a kai ta a busa ƙurar da ta taru a fanka.